Wuni ɗaya a Dublin da yara uku da kaka mai ciwon gwiwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a wani gari a tsakiyar ƙasar Ayilan, inda maigidana yake aiki. Yaranmu uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 6, sai auta mai shekara 2. Mahaifiyar maigida ta zo mana ziyara daga gida, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ya sami hutun wata Asabar a ƙarshen watan Yuli, ya ce za mu shiga jirgin ƙasa mu je Dublin mu wuni, tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa tashar Heuston. Ya rubuto wuraren da za mu je: gidan zu, jami'ar Trinity, fadar Dublin Castle, gidajen tarihi biyu, titin Grafton, da yamma kuma bakin teku a Howth. Na san yadda irin wannan fita take ƙarewa, yara na kuka, salla ta kuɓuce, mu dawo gida kowa na cika yana batsewa. Da na yi magana sai ya ce ba na so Hajiya ta ga gari. Kuɗin da muka ware ma ba masu yawa ba ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya raya zuri'a.

Lissafinki ya fi na maigida kusa da gaskiya. Wuraren da ya rubuto aikin kwana uku ne, shi ma ga wanda ba ya tura keken yaro. Ku auna da agogo. Idan kun sauka Heuston da ƙarfe tara da rabi, kuka kama jirgin komawa na ƙarfe shida, awa takwas da rabi ke hannunku. Cin abinci, salla, shiga bayi na mutum shida, canza wa auta famfas, jiran mota da jiran Hajiya ta huta za su cinye awa uku ba tare da kun lura ba. Gidan zu shi kaɗai zai ɗauki wasu ukun. Abin da ya rage bai wuce wuri guda ƙarami ba, da ɗan zama a lambu. Don haka tsarin da muke ba ku shi ne babban wuri ɗaya da safe lokacin da kowa ke da ƙarfi, ƙaramin wuri ɗaya mai rufi bayan azahar, sauran lokacin a bar shi fili. Ƙafafun da za a yi lissafi da su na Hajiya ne da na auta, don su ne za su fara gajiya, kuma da zarar sun gaji yawo ya ƙare wa kowa.

Kafin maganar hanya, maganar maigida. Kada ki buɗe ta a gaban Hajiya, kuma kada ki fara da "ba zai yiwu ba", domin abin da zai ji shi ne kin raina hidimar da yake so ya yi wa mahaifiyarsa. Ki samu lokacin da yara suka yi barci, ki buɗe taswira a waya, ki sa shi da kansa ya duba nisan da ke tsakanin gidan zu da Howth. Ɗaya yana yammacin birni, ɗayan yana can ƙuryar arewa maso gabas a bakin teku. Daga nan ki tambaye shi wane wuri ɗaya ne in Hajiya ba ta gani ba zai ji ba daɗi. Ki bar masa zaɓin. Yawanci namiji ya fi sauƙin rage jerinsa idan dalilin gwiwar mahaifiyarsa ce, a kan a ce masa matarsa ce ta gaji. Akwai kuma wani yanki na yinin da muka ware masa shi da manyan yaran, za ki gan shi a ƙasa, wannan zai rage masa jin an yanke masa buri.

Ranar da za ku zaɓa ma a duba ta. Ƙarshen Yuli lokacin manyan wasannin gargajiyar Ayilan ne a filin Croke Park, wanda ke ɗaukar mutum sama da 82,000, kuma magoya bayan da ke zuwa daga yamma da kudancin ƙasar Heuston suke sauka. Idan Asabar ɗinku ta dace da wasa ko wani babban taro a can, jirgi zai cika har da na tsaye. Ku sayi tikiti ta intanet a shafin kamfanin jirgin, ku zaɓi kujeru a jere kusa da ƙofa, na zuwa da na dawowa. Yaron da bai kai shekara 5 ba ba ya biya. Hajiya kuwa za ta biya cikakken kuɗi, saboda tafiya kyauta da ake ba 'yan shekara 66 zuwa sama ta mazauna ƙasar ce, ba ta shafi baƙo mai bizar ziyara ba.

Daga Heuston zuwa ƙofar gidan zu kusan kilomita ɗaya da rabi ne, da ɗan hawa. Mai lafiya zai taka cikin minti ashirin, amma kada ku ƙone gwiwar Hajiya tun kafin ta ga ko biri. Ku tsallake gadar da ke gaban tashar zuwa titin Parkgate, nan bas mai lamba 99 yake tashi ya ratsa cikin Phoenix Park, babban dajin shaƙatawar da gidan zu yake ciki, yana kuma tsayawa kusa da gidan zu. Kusan duk rabin awa yake fitowa, don haka ku duba lokacinsa ya dace da saukarku. In bai dace ba ku rabu biyu: ke da Hajiya da auta ku shiga tasi, maigida da manyan yara su taka. Dalilin rabuwar shi ne tasi na yau da kullum fasinja huɗu yake ɗauka, direba kuma ba zai wuce adadin da ke kan lasisinsa ba ko da kun ce za a ɗora yaro a cinya. Mai kujera shida ko takwas sai an kira shi ta manhajar waya, wani lokaci a daɗe ana jira. Doka ba ta tilasta kujerar yara a tasi ba, kuma duk tasi yana karɓar kati.

Gidan zu na Dublin yana cikin mafiya daɗewa a duniya, an buɗe shi a 1831, faɗinsa hekta 28. Da tara da rabi ake buɗe ƙofa. Tikitin intanet ya fi na bakin ƙofa sauƙi kuma yana rage layi. Babba ya haura Yuro 20, yaron da bai cika shekara 3 ba kyauta ne, don haka ku sa kusan Yuro 100 a lissafi don manya uku da yara biyu. Wannan shi ne babban kuɗin da za ku kashe a yinin, kusan duk sauran abin da za mu lissafa kyauta ne. Ku kira su tun kwana biyu kafin ranar ku tambayi keken turawa na marasa lafiya. Mun san halin iyayenmu, Hajiya za ta ce ita ba gurguwa ba ce. A gaya mata na ɗora jaka ne. Bayan awa ɗaya da kanta za ta zauna.

Kuskuren da iyalai suka fi yi a ciki shi ne su tsaya a dabbobin farko kusa da ƙofa, a yi ta hoto, har ƙarfi ya ƙare ba a kai ga ɓangaren Afirka ba, wanda shi ne mafi nisa. Ku juya tsarin. Ku karɓi taswira a ƙofa ku miƙe can ƙarshe, inda raƙumin dawa, jakin dawa, jimina da karkanda suke a fili ɗaya mai faɗi, gwaggon biri kuma yana kusa da su. Daga nan ku riƙa dawowa a hankali, ta yadda lokacin da yara za su fara cewa a ɗauke su kun riga kun doshi ƙofa. Giwayen wurin na Asiya ne, kunnuwansu ƙanana a kan na giwar Yankari, abin da ɗan shekara 9 zai ji daɗin ganowa da kansa in kun ce ya duba bambancin. A bakin shiga akwai allon da ke nuna lokutan da masu kula da dabbobi ke yin bayani. Ku zaɓi ɗaya kawai, ku isa minti goma kafin a fara don yara su sami gaba. Ba sai kun ga komai ba. Ɗakin macizai da ƙadangaru, alal misali, yana da duhu da cunkoso, keken auta zai sha wahala a ciki, maigida ya shiga da manyan ku jira a benci.

Shagon kayan wasa yana bakin fita, an ajiye shi a nan da gangan. Tun a cikin jirgi ku yanke wa kowane yaro abin da zai kashe, ku ba shi a hannunsa, ko ku ce yau babu saye sai askirim. Abin da aka faɗa da safe cikin natsuwa ya fi kama kunne a kan wanda aka faɗa a gaban kanta yaro na birgima.

A nan ne ya kamata mu faɗi abin da ya fi komai muhimmanci game da Hajiya, ko da yake ba ki tambaya ba. Tun 2015 dokar Ayilan ta cire uzurin da iyaye ke da shi na dukan yaro da sunan tarbiyya. Ɗan marin baya ko murɗe kunne da a gida ba wanda zai ɗaga kai, a nan wani zai iya kiran 'yan sanda, magana ta kai ga hukumar kula da yara ta Tusla. Ku da kuke zaune a ƙasar wataƙila kun sani, baƙuwa ba lallai ta sani ba. Wannan bayanin bakin ɗanta ya dace da shi, ba naki ba, kuma a gida tun kafin a fito.

Ku bar gidan zu wajen ƙarfe ɗaya. Kafin ku fita kowa ya shiga bayi ya yi alwala, don da kun fita bayi mai kyau zai yi muku nisa. Babu buta a bayin ƙasar nan, ku riƙe robar ruwa ɗaya da aka ware don wannan, da ƙaramin tawul na goge ƙasa da bakin famfo. Ma'aikata ba su da matsala da alwala, jiƙa daɓe ne ke jawo magana, saboda wani zai iya zamewa. A hanyar komawa ƙofar Parkgate akwai lambun da ake kira People's Gardens, mai furanni da benci da wurin wasan yara. Nan za ku shimfiɗa ku ci abinci ku yi salla. A ƙarshen Yuli azahar tana shiga wajen ɗaya da rabi, la'asar wajen shida saura kwata, rana kuma ba ta faɗuwa sai tara ta wuce da kusan rabi. Ma'ana azahar ce kawai za ta same ku a gari, la'asar kuna iya yin ta a gida rana na nan da sauranta. Alƙibla daga Dublin gabas ce mai karkata kudu, manhajar waya za ta daidaita muku. Ku zo da dardumar da ke da leda a ƙasa, domin ciyawar Ayilan ko ta yi kama da busasshiya tana jiƙa gwiwa. Hajiya ta yi tata a zaune a benci. Babban masallacin titin South Circular Road, wanda tsohuwar coci ce da Musulmi suka saya a 1983, yana da ɓangaren mata, amma ba ya kan hanyarku, zuwa da dawowa zai ci muku awa guda.

Abinci ku taho da shi daga gida. Dafa-duka a ƙaramar kula, dafaffen ƙwai, burodi, ayaba, cincin, fulas na shayi don Hajiya. Kada ya zama mai miya da zai zube a jaka. Sayen abincin mutum shida a wurin yawon buɗe ido zai iya kai kuɗin tikitin gidan zu, kuma ga matsalar halal. Doka ta wajabta wa gidajen abinci su rubuta abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa, madara da alkama, amma naman alade da giya ba sa cikin waɗannan 14, don haka ganin takardar abinci cike da lambobi bai nuna komai game da halal ba. Sai an tambaya da baki. Kifin da ake soyawa da ƙullu sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun. Wasu masu suyar dankali da kitsen dabba suke suya. Miyar kifi mai madara da ake sayarwa ko'ina wani lokaci ana yanka mata naman alade, farfesun naman shanu na gargajiya kuma ana zuba masa Guinness. A kantunan unguwa masu haɗa burodi da kaza, wuƙa ɗaya da katako ɗaya ake yanka komai da su. Alewa mai taushi irin wadda yara ke so galibi da sinadarin ƙashi da fatar alade ake yin ta, sai wadda aka rubuta cewa ta masu cin ganye ce. Har askirim akwai mai giya a shagunan da ke yin nasu na musamman, ku tsaya a na madara zalla. Ruwan famfo kuwa ana sha, ku cika robobinku. In kun sayi lemon roba ko na gwangwani za ku ga an ƙara santi 15 ko 25, kuɗin ajiya ne da ake mayarwa idan an jefa robar a na'urar kanti ba a matse ta ba.

Idan yara sun ji labarin barewar Phoenix Park za su ce sai sun gani. Garken yana nan tun bayan kafa dajin a 1662, amma wurin kiwonsu ya fi yawa can ciki, kusa da babban gicciyen da aka kafa don ziyarar Paparoma a 1979, nesa da inda kuke. Dajin hekta 707 ne, ba a ratsa shi da ƙafa da tsohuwa. In Allah Ya sa kun ci karo da su, hukumar wurin ta ce a tsaya nesa da mita 50 kuma kada a ba su abinci. Yuni da Yuli lokacin haihuwarsu ne, uwa mai ɗa ba ta da wasa.

Wurin da muka zaɓa muku na yamma shi ne Chester Beatty, a harabar Dublin Castle, don haka maigida ya sami fadar da ya rubuta a jerinsa. Shiga kyauta ne. Wani attajirin haƙar ma'adinai ɗan Amurka, Alfred Chester Beatty, shi ya tara littattafan, ya dawo Dublin da zama a 1950, da ya rasu a 1968 ya bar wa ƙasar su. A cikinsu akwai Alƙur'anai rubutun hannu sama da 260, har da wanda shahararren marubuci Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, sama da shekara dubu ke nan. Ana sauya abin da ake nunawa lokaci lokaci don haske yana cin tawada da takarda, shi ya sa ma ɗakunan ke da duhu-duhu, saboda haka kada ku yi wa Hajiya alkawarin wani kwafi takamaimai. Kowanne kuka tarar zai isa kallo. Ku hau lif zuwa hawa na biyu, inda aka ware wa addinai, ku fara da ɓangaren Musulunci. Wanda ya yi karatun allo zai lura nan take cewa rubutun gabas ya bambanta da namu na Warshu: a wajenmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a nasu fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ku sa Hajiya ta nuna wa jikokinta wannan, ku ce babban ya nemo Bisimilla a shafin da aka buɗe, ƙaramar ta ƙirga adon zinaren da ke raba ayoyi. Muna kyautata zaton nan ne wurin da Hajiya za ta fi ba da labarinsa in ta koma gida. Minti arba'in ya ishi yara. Akwai akwatunan ajiye jaka a ƙasa, akwai bayi mai tsabta da wurin canza wa yaro, akwai wurin cin abinci mai girkin Gabas ta Tsakiya inda tambayar halal ba baƙuwa ba ce. Ranar Asabar da biyar da rabi ake rufewa. Abu ɗaya: fadar wurin taron gwamnati ce, akan rufe harabar idan ana babban taro, wani lokaci na tsawon watanni, don haka ku duba shafinsu a makon tafiyar.

Zuwa can daga lambun, a sake rabuwa. Ke da Hajiya da auta ku ɗauki tasi ku ce a kai ku ƙofar Ship Street, ita ce mafi kusa da ginin, kuɗin ba zai wuce tsakanin Yuro 10 zuwa 20 ba. Wannan ya dace da barcin auta na rana, ki kwantar da bayan kekensa ki rufe shi, zai yi barcinsa kuna kallon littattafai. Maigida da manyan su koma Heuston su shiga Luas, jirgin da ke bin titi, wanda ga yara shi kansa abin yawo ne. Jan layi za su hau, wanda ya nufi The Point ko Connolly, su sauka a tasha ta huɗu, Jervis, su bi titin Capel su tsallake kogin Liffey su miƙe titin Parliament har bakin fadar. Kowa ya riƙe katinsa na Leap, wato katin biyan kuɗin bas da Luas, a taɓa shi a na'urar da ke bakin tasha kafin a hau, a sake taɓawa bayan an sauka. Babu ƙofar da ke tare mutum, shi ya sa baƙi ke mantawa, masu duba tikiti kuma ba sa karɓar uzurin baƙunta, tara suke rubutawa. Da katin, Yuro 2 ne babba zai biya ya yi ta sauya bas da Luas na minti 90, na yaro bai kai Yuro 1 ba. Tun 2025 yara 'yan shekara 5 zuwa 8 suna hawa kyauta, amma da kati na musamman da ake nema ta intanet a aiko shi gida, don haka ku nema wa 'yar shekara 6 tun yanzu. Wanda ba shi da kati a bas tsabar sulalla kawai ake karɓa, ba takarda, ba canji. Wurin keken yaro a bas guda ɗaya ne, kuma idan mai keken guragu ya shigo dole ki naɗe naki, don haka kada ki rataye masa jakunkuna da yawa.

A gaban ginin Chester Beatty akwai wani zagayayyen fili mai ciyawa, Dubh Linn Garden, a inda tsohon tafkin da birnin ya samo sunansa yake. Motoci ba sa shiga, ana ganin yaro daga kowace kusurwa, akwai benci. Nan ne za ku zauna da Hajiya da fulas ɗin shayi. Maigida kuma ga rabonsa: ya ɗauki manyan biyu su taka kamar rabin kilomita zuwa Dublinia, kusa da majami'ar Christ Church. Gidan tarihi ne da aka yi don yara, kan mayaƙan ruwa na Viking da suka kafa sansani a nan a 841 da kuma rayuwar birnin a ƙarnonin da suka biyo baya. Ana taɓa kaya, ana sa hular ƙarfe, ana shiga irin ɗakinsu, akwai hasumiya mai matakala 96 da ake hango gari daga samanta. Ana biya, kuma ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewa, don haka su isa kafin ƙarfe huɗu. Awa ɗaya ta ishe su. Ku tsayar da wuri da lokacin haɗuwa da baki, kada ku dogara da waya kaɗai, batir na mutuwa a ranar da aka yi ta hoto.

Sauran jerin a bar shi. Littafin Kells da ke Trinity, wanda aka rubuta wajen shekara ta 800, abin gani ne ga babba, amma tikitinsa da tsada, da lokacin shiga da aka ƙayyade, kuma abin da yaro zai gani shafi biyu ne a cikin gilashi ta bayan kafaɗun mutane. Titin Grafton ranar Asabar cunkoso ne da shaguna. Unguwar Temple Bar mashaya ce a jere, daɓenta na duwatsu yana girgiza keken yaro yana wahalar da gwiwa. Howth wuri ne mai kyau, jirgin DART yana kai mutum cikin kusan rabin awa daga tsakiyar gari, amma wuni guda yake so, kuma hanyar da ke bin saman dutsen bakin teku ba ta da shinge, ba wurin sakin ɗan shekara 2 ba ne. A sa masa wata Asabar. In kuma wani ya kawo shawarar a kai Hajiya Belfast tunda jirgi na zuwa kai tsaye, ku tuna Belfast ƙarƙashin Birtaniya take. Babu shingen duba fasfo a hanya, amma bizar Ayilan ba ta ba mai fasfon Najeriya ko Nijar izinin shiga can ba, kuma in aka kama ta zai ɓata mata neman biza nan gaba.

Ruwan sama ku ɗauka zai zo. A Yuli zafin rana a Dublin bai cika wuce digiri 20 ba, ga iska, wanda ga mai zuwa daga gida sanyin hunturu ne. Hajiya ta sa rigar sanyi a ciki, safa, da takalmi rufaffe mai taushi, da mayafi mai kauri. Doguwar riga mai jan ƙasa tana shan ruwa ta yi nauyi, a ɗage ta kaɗan. Rigar ruwa mai hula ta fi lema, iska tana juya lema, kuma mai tura keke ba ta da hannun riƙe ta. Ledar rufe keken auta da kayan canji ɗaya ga kowane ƙaramin yaro su shiga jaka tun daren Juma'a. Manhajar Met Éireann, hukumar yanayin ƙasar, tana nuna tafiyar hadari a taswira, yawancin ruwan kuma yayyafi ne na minti goma ko ashirin, a fake ya wuce. Idan aka wayi gari da ruwan da ba shi da niyyar tsayawa, ku fasa gidan zu, shi ya sa ya fi kyau a sayi tikitinsa ana jibi bayan an ga hasashe. Tasha ɗaya daga Heuston a Luas, wadda ake kira Museum, akwai gidan tarihin ƙasa na Collins Barracks, kyauta, da rufi da lif. Na titin Kildare shi ma kyauta ne, yana da kayan zinare na dā da wani kwalekwale na itace ɗaya mai tsawon kusan mita 15. A can akwai gawarwakin mutanen dā da aka tono daga fadama, an killace su a lungu, kuna iya wucewa ba tare da 'yar shekara 6 ta gani ba.

Da safe kafin ku fita ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihunsa, Hajiya ma a sa mata ɗaya a jaka tare da adireshin gida. Ku koya wa yara cewa ɗan sanda a nan Garda ake ce masa, wanda ya ɓata ya tsaya inda yake ko ya nufi mai kayan aiki. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. A tsallaka titi a riƙe hannun Hajiya kamar yadda ake riƙe na yara, domin motoci a nan hagu suke bi, idonta kuma ya saba duba ɗaya ɓangaren, ga Luas da kekuna ba su da ƙara.

Ƙarfe biyar ku kama hanyar komawa. Idan ana son hoton gadar Ha'penny, wadda aka gina a 1816, kada ku hau ta, matakala gare ta a kowane gefe. Gadar Millennium da ke kusa da ita shimfiɗaɗɗiya ce, daga kanta ma hoton ya fi fita, kuma tana sauke ku kusa da tashar Jervis. Duk Luas da ya nufi Tallaght ko Saggart yana tsayawa a Heuston. Ku isa da saura minti ashirin da biyar, saboda wasu dandamalin hawa jirgin suna da nisa daga babban zaure, kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Idan kun sanar da kamfanin jirgin kwana ɗaya kafin tafiya cewa kuna da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ma'aikaci zai taimaka mata har kujerarta. Ki ɓoye ayaba da ɗan cincin a ƙasan jaka don wannan awa ta ƙarshe, kada ki bari a gan su tun da rana.